Goran Irin Malam Hammawa

Azare, 11 ga Agusta

Zuwa ga matata Gloria, Maman Emma,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama? Kumburin ƙafar ya fara sacewa kuwa? Yaya Emmanuella, tana taya ki aiki ko tana can tana latse-latsen waya? Ki gaida yayanki Paul da iyalinsa.

Na san za ki yi dariya in kika ga takarda. To me zan yi, tunda ƙauyenku sai an hau dutse ake samun sabis, in kin hau ɗin ma minti biyu kike ba ni ki ce tukunya na kan wuta. Ya'u direba zai ajiye wa Paul ita a tashar Bauchi. Ni dai ina nan lafiya, ban da tuwon da nake tuƙa wa kaina, wanda ko kajin maƙwabta sun daina zuwa tsintar ragowarsa.

Jami'ar nan ta rikice, Maman Emma. An ce baƙi za su zo daga Turai ran biyar ga Satumba a sa hannu a kan yarjejeniya. Kin tuna tsarin shekara biyar ɗin nan da aka buga a littafi mai ƙyalli? To bana ce shekara ta biyar, kuma manufa biyu ne suka rage: hulɗa da ƙasashen waje, da ƙawata harabar makaranta. Shi ya sa ko'ina fenti. Duwatsun bakin hanya an shafe su, gindin dogon yaro an shafe, in mutum ya daɗe a tsaye shi ma sai an shafe shi. An buɗe sabon ofis, an ba Dakta Khalil darakta. Khalil ɗin da kika sani, wanda na koya wa riƙon fartanya yana aji biyu. Yanzu sai an cika takarda ake ganinsa.

Gonar gwaji kuwa ta yi kyau bana, har ina tsoron bakina. Iri sittin da ukun nan duk sun tashi, gero da dawa da wake, waɗanda na yi shekara goma sha huɗu ina tarawa a kan babur daga Disina zuwa Yana zuwa Gololo. Geron ya fara bununi, na bi shi zangarniya-zangarniya na ɗaure da jakar takarda don kada wani iri ya gauraya da wani. Masu wucewa suna cewa kamar an shanya tsummokara a bakin ƙofar jami'a. Su faɗa, ba su san abin da ke ciki ba.

Ranar Alhamis Malam Hammawa ya zo daga Gololo. Tsohon nan Bafulatani da ya taɓa kawo mana kindirmo lokacin haihuwar Emma. Ya tsufa ƙwarai, amma ya hau mota ya zo da kansa. Shekara goma sha biyu da suka wuce, da aka raba musu sabon iri suka bar na gida, shi ne ya ba ni geronsu mai gashi a cikin ɗan goran mahaifiyarsa. Geron gajere ne, kwana saba'in ya nuna, kuma tsuntsu ba ya iya sauka a kansa saboda gashin. Ya ce in riƙe masa amana, ranar da ya nema in mayar masa da goran a cike. To ranar ta zo. Shekara biyu ke nan tsuntsaye suna cinye musu sabon irin, ruwa kuma yana ɗaukewa da wuri. Ya zaga ƙauyukansu kaf, ba wanda ya rage da ko ƙwaya ɗaya.

Na kai shi kunya huɗun da na shuka masa. Ya tsuguna ya shafa gashin zangarniyar da bayan hannu, yana murmushi. Na ce ya ba ni zuwa tsakiyar Satumba, ni da kaina zan kai masa har gida.

Abin da ban gaya masa ba, ke zan gaya wa. Kunya huɗun nan su ne ke nan. Bara da aka karɓe ɗakin ajiyarmu aka mai da shi ofishin tsare-tsare, an zube mana buhuna a baranda, ɓera da ƙwari suka yi biki. Tafi biyu na tsira da shi daga irin Malam Hammawa, na shuka duka. Shi ya sa jiya da na ga wasu mutane da igiyar awo suna kafa jajayen turaku a gefen gonar, na garzaya wurinsu. Na tambaye su, suka ce su aiko su aka yi. Gobe zan je in cika takardar ganin Khalil.

Ki sa ni cikin addu'a. Ki gaida Mama da kyau.

Mijinki,
Zachariah


Azare, 27 ga Agusta

Maman Emma,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan ku duka kuna lafiya. Paul ya ce Mama ta fara taka ƙafar, mun gode wa Allah.

Sun share gonar.

Bari in bi miki daga farko. Kwana huɗu na yi ina zarya kafin na ga Khalil. Ya karɓe ni da fara'a, ya kira ni Baba Zaka kamar da, har da lemon kwalba. Ya buɗe mini taswira ya nuna inda za a yi dandalin tutoci, da wurin ajiye motoci, da allon da za a rubuta Cibiyar Hulɗa da Ƙasashen Waje. Duk a kan gonata. Ya ce ai ko a gida in za a yi baƙo sai an share tsakar gida, ba zai yiwu Turawa su shigo ƙofa su fara cin karo da jeji da ledoji ba. Na ce ba ledoji ba ne, shi ma ya sani, da hannunsa ya taɓa ɗaura su. Na roƙe shi sati uku kacal, geron ya nuna in yanke, bayan nan in sun ga dama su gina filin jirgi. Na ce masa iri goma sha biyu a cikin gonar nan ba su da na biyu a duniya.

Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da fayil.

A nan ne zan gaya miki abin da na ɓoye miki shekara uku. Kin san ɗakin sanyin da aka yi mana na adana iri. Tun shekara uku da suka wuce injinsa ya ƙone, abin da ke ciki ya ruɓe. Duk wata uku ana aiko mana da takardar rahoton ci gaba, kowace manufa da akwati uku a gabanta: kore, rawaya, ja. Karon farko na sa alama a ja. Shugaban sashenmu ya dawo mini da ita, ya ce sama ba sa son ja, ja yana ɓata wa jami'a matsayi, in sa kore za a gyara injin a hankali. Na sa kore. Wata uku suka zagayo, na sake sa kore. Daga nan hannuna ya saba, har ba na karanta abin da ke rubuce. Takarda goma sha biyu Khalil ya jera mini a tebur, kowacce ta ce ɗakin sanyi yana aiki, iri sittin da uku suna ciki lafiya, kuma a ƙasan kowacce ga sa hannuna da wannan lanƙwasar da kike yi wa tsiya.

Ya tambaye ni a hankali, wanne zai kai wa shugaban jami'a, maganar bakina ta yau ko rubutuna na shekara uku? Na ce ta yau ce gaskiya. Ya ce in haka ne in rubuta cewa ƙarya muka yi ta yi, ni da shugaban sashe, kwana kaɗan kafin baƙi su iso, in ga wanda zai tsaya mini. Ya ce in je in yi tunani, ba za a taɓa komai ba sai mun sake magana.

Na je ina tunani. Kwana tara ina tunani, Gloria, ina lissafin shekara biyun da suka rage mini in yi ritaya. Ranar Asabar na rubuta takardar, na ce Litinin da sassafe zan miƙa ta. Ran Lahadi muna cikin sujada maigadin ƙofa ya yi ta kira, ni kuwa na kashe waya kamar mutumin kirki. Ko da na iso da rana, katafila ta gama. Ƙasa ja fes, an baje ta sumul. An tura komai can bakin katanga, tuli guda, kara da ƙasa da jakunkunan takarda.

Mai tuƙa katafilar wani Babarbare ne, Babagana. Da ya ga na durƙusa ina tona tulin da hannu, sai ya kashe injin ya sauko. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, tun da safe ya ce wa ɗan kwangila ba a ture hatsi da ido a kansa, aka ce masa an riga an kwashe irin yana cikin firji. Ya taya ni tono har la'asar. Mun sami zangarniya goma sha tara masu gashi. Na matsa ƙwaya ɗaya da farce, sai ruwa fari kamar madara.

Na shanya su a inuwa a ɗakinmu, a kan zanen gadonki mai furanni, ki yafe mini. Wani lokaci ɗanyen iri yakan yi abin mamaki. Haka nake gaya wa kaina.

Ina jin haushin Khalil, ina jin haushin masu littafi mai ƙyalli, amma in na kwanta ba su nake gani ba. Alamata nake gani a koren akwati.

Ki gaida kowa. Kada ki gaya wa Mama, ta ji da ƙafarta.

Naki,
Zachariah


Azare, 8 ga Satumba

Matata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso ta hannun Ya'u, da yajin da kika daka. Na gode. Kin ce in daina zargin kaina in ci abinci. Abincin dai ina ci.

Baƙi sun zo sun tafi. Da kin ga wurin da ba ki gane shi ba. An shimfiɗa bulon intalok a ƙasa, an kafa sanduna goma sha biyu da tutocin ƙasashen da ko sunansu maigadi bai sani ba, an jero furanni a tukwane waɗanda aka yi hayarsu daga Kano. Allon cibiyar ya fi ƙofar cocinmu girma, bayansa kuwa ba gini, sai tulin da na tona, an rufe shi da tamfol.

Kwana biyu kafin su iso aka aro janareta aka tada ɗakin sanyi da injin haya. Aka sayo gero da dawa a kasuwar Azare, aka zuba a kwalabe sittin da uku. Shugaban sashe ya ce in rubuta sunayen a manna. Na ce hannuna yana ciwo. Sai ya ɗauki littafina ya kwafa da kansa. Ni aka ba ni sabuwar farar riga aka ce in tsaya a bakin ƙofa, in an gaishe ni in amsa.

Su uku ne, shugabarsu wata dattijuwa ce, Farfesa Joan, fatarta duk rana ta dafa ta, da gani ta yi yawon gonaki. An zaga da su sabon ɗakin taro, da ɗakin kwamfuta, da dandalin tutoci, tana ta gyaɗa kai tana duba agogo. Da aka shigo wurinmu sai fuskarta ta sake. Ashe, Maman Emma, abin da ya kawo su ke nan. Rahotanninmu ta karanta, ta ga akwai gero mai gashi mai nuna da wuri a ƙasar Katagum, irin wanda ta shekara ashirin tana nema saboda ƙasashen da ruwa ke yi wa gardama. Ba fenti ya taso ta daga ƙasarsu ba, ba tuta ba. Kunya huɗun Malam Hammawa ne.

Ta ɗauki kwalbar da aka rubuta Gololo, ta zuba a tafin hannu, ta juya shi da yatsa. Ta ɗauki ta kusa da ita ta zuba. Ta ɗauki ta uku. Duk mudu ɗaya aka raba, ko makaho ya shafa zai gane. Sai ta waiwayo ta dubi hannuwana, ba rigata ba, ta tambaye ni ina gonar take, tana so ta ga tsiron a tsaye.

Shugaban jami'a na wurin, Khalil na wurin, mai ɗaukar hoto na wurin. Na nuna mata ta taga. Na ce ga ta can, inda aka ajiye motarku. Na ce kwana goma sha ɗaya da suka wuce aka share ta don a tarbe ku. Na ce ɗakin nan shekaranjiya aka kunna shi, kuma ni ne na yi ta rubuta cewa yana aiki.

Wallahi na ga Khalil ya dafa bango. Ina jin har ransa ya ɗauka da sauran wani abu a ajiye, don shi ma takarda ya yarda da ita. Farfesar ta mayar da geron cikin kwalba a hankali, ta kakkaɓe hannu, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai.

Kada ki ɗauka an fasa biki. An ci shinkafa, an sa hannu a wata takarda da ta ce ɓangarorin biyu za su ci gaba da tattaunawa, an yi hoto a gaban tutoci. Washegari na sami takardar tuhuma, wai na zubar da mutuncin jami'a a gaban baƙi. Shekara uku ina ƙarya ba wanda ya tuhume ni, minti ɗaya na faɗi gaskiya har an buga tambari.

Ban damu da ita ba. Jiya na murje zangarniyoyin nan, na zaɓi ƙwaya ɗari mafi kyau na jera a jiƙaƙƙen buhu na rufe. In biyar suka tsira ma, zan iya tada irin. Ki roƙa mana biyar.

Ki shafa mini kan Emma.

Mijinki,
Zachariah


Azare, 22 ga Satumba

Gloria,

Ina fatan kuna lafiya, ke da Mama da Emma da gidan Paul. Na ji an ce ƙarshen wata za ki dawo. Ki dawo, gidan nan ya yi mini girma.

Kwana goma na ba buhun. Kullum da safe in yayyafa ruwa in ɗaga in leƙa. A kwana na huɗu suka fara baƙi, a na bakwai suka yi funfuna. Ana cikin haka na sake jera wata ɗarin, ita ma haka. Ko ɗaya.

Jiya Asabar na ɗauki goran na hau babur zuwa Gololo. Sau biyu na tsaya a hanya kamar in juya. A gidanmu aka koya mini, a nan ma haka na tarar, ko kwanon tuwo maƙwabci ya aiko maka ba ka mayar da shi wofi. Na yi tunanin in tsaya in sayi wani abu in zuba, sai na tuna da kwalabe sittin da uku, na wuce.

Na same shi a ƙarƙashin tsamiya da mutane biyar, ashe jirana suke yi tun da sati ya kama. Ya tashi da ƙyar ya tarbe ni, ya sa aka kawo fura. Ya ce sun ji mu a rediyo. Wai an yi shiri a kan nasarorin jami'a, an ce ta cika manufofinta duka, Turawa sun zo sun yaba, kuma tana da ɗakin sanyi mai iri sittin da uku na kakanninmu, har an ambaci Gololo. Ya ce ranar bai iya cin abinci ba don murna. Ya nuna mini mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi masa alkawarin tafi guda. Ya nuna mini gefen gonarsa da zai ware wa irin baɗi, inda ya ce mahaifiyarsa take shuka shi.

Na kasa shan furar. Na ciro goran daga jaka na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya ji nauyinsa, ya kai kunne ya girgiza. Ya sake girgizawa.

Na gaya masa komai. Na fara da katafila da tutoci da Khalil, ina ta jami'a ta yi kaza, jami'a ta ce kaza. Ya bar ni har na gaji. Mutanen suka tashi ɗaya-ɗaya suka ba mu wuri. Bai ɗaga murya ba, bai yi Allah ya isa ba, da ya yi ma da na ji sauƙi. Cewa ya yi shi bai san wata jami'a ba, bai taɓa gaisawa da ita ba. Ya ce, Malam Zakariya, ni kai na ba wa.

Daga nan ya tambayi lafiyarki da ta yarinya, ya raka ni har bakin babur. Goran kuwa ya mayar mini da shi. Ya ce in tafi da shi, shi ba shi da abin da zai zuba a ciki.

Yana nan a kan teburina yanzu. Kusa da shi ga takardar rahoton wannan zangon, ta iso ranar Juma'a. Na ɗauki biro zan sa ja, in ya so su haɗa da tuhumar. Na duba sama da ƙasa ban ga layin ɗakin sanyinmu ba. An cire shi. An ce manufar da aka kammala ba a sake tambaya a kanta.

In za ki taho ki gaya wa Ya'u ya sauke ki a gida, kada ya bi da ke ta ƙofar jami'a. Furannin haya an mayar da su Kano, amma an yi ruwa sau biyu a makon nan, kuma ba abin da ya tsiro a wurin.

Ki gaida Mama. Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki,
Zachariah